Mota mai taka birki da kanta: abin da za ka auna kafin ka biya kuɗin tokunbo

Duk wanda ya shiga filin sayar da motoci a Kano, Kaduna ko Abuja yana neman tokunbo ƙirar 2017 zuwa sama, zai ji dillali na cewa, "Alhaji, wannan komai da komai ce, har birki take takawa da kanta." Bai yi ƙarya ba. Abin da ba zai ƙara maka da shi ba shi ne, a Amurka inda aka fito da yawancin motocin nan, wannan birkin mai taka kansa yana cikin abubuwan da masu mota suka yi ta kai ƙara a kansu gaban hukuma.

Abubuwa uku ne ake haɗawa a sayar maka da suna ɗaya, Toyota Safety Sense ko Honda Sensing ko makamancinsu. Akwai kurus mai kiyaye tazara: ka saita gudu, motar ta riƙe shi, in ta cim ma wata a gaba ta rage, in hanya ta buɗe ta koma gudunta. Akwai birkin gaggawa, wanda ke yin ƙara sannan ya taka in ya ga za ka daki abin da ke gabanka. Na uku shi ne mai riƙe layi, wanda ke ɗan murza sitiyari in ka fara fita daga farin zanen titi. Idanunsu guda biyu ne: rada, wato na'urar da ke auna nisan abin da ke gaba, wadda ke bayan tambarin mota ko cikin bamba, da kyamara da ke manne a gilashin gaba, bayan madubi.

Ba na cikin masu cewa duk wannan kayan ado ne. Cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshorar Amurka ke ɗaukar nauyinta, ta gano cewa birkin gaggawa yana rage haɗarin dukan mota ta baya da kusan rabi. Rayuka ne ake magana. Shi ya sa a 2016 kamfanonin ƙera motoci 20 suka yi alkawarin sanya shi a kusan kowace sabuwar mota a Amurka kafin Satumbar 2022, kuma shi ya sa yau da wuya ka sami sabuwar tokunbo da babu shi. Corolla da RAV4 da Highlander sun fara zuwa da shi a kowane aji tun ƙirar 2017, Camry kuma 2018.

To amma ga ɗaya ɓangaren. A Fabrairun 2022 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ta buɗe bincike a kan motocin Honda kusan miliyan 1.7, wato Accord 2018 zuwa 2019 da CR-V 2017 zuwa 2019, saboda masu su na cewa motar kan danna birki da ƙarfi alhali babu komai a gabanta. A Afrilun 2024 aka faɗaɗa binciken ya kai motoci kusan miliyan 3, har zuwa ƙirar 2022. Bincike ba hukunci ba ne, amma wanda zai sayi Accord ko CR-V na waɗannan shekarun ya kamata ya san da shi, domin su ne ake rububinsu a kasuwarmu. Nissan Rogue 2017 da 2018, sama da mota 550,000, ita ma ta shiga hannun hukumar a 2019. Masu ita sun yi kukan cewa layin dogo, gadar ƙarfe ko mashigar garejin ajiye motoci kan sa ta tsaya cak, kuma kamfanin ya fitar da gyaran manhaja. Mazda ta janye Mazda3 ƙirar 2019 da 2020 kusan 35,000 a kan irin wannan, wato ta kira masu su su kawo a gyara.

Masu cewa "ai Toyota ba ta da matsala" su ma su saurara. A 2015 kamfanin ya janye Avalon da Lexus ES kusan 31,000, ƙirar 2013 zuwa 2015, domin radarsu kan ɗauki farantin ƙarfe ko mahaɗar gada da ke shimfiɗe a kan titi a matsayin abin da za a yi karo da shi. Ka tuna yawan gadojin da ke kan hanyarka, ka tuna kuma tirelar da ke manne a bayanka a hanyar Zariya. Birki na ba gaira ba dalili a wannan halin ya fi rashin birkin haɗari.

Akwai motocin da ba su dogara da rada ba, kyamara kaɗai ke musu gani. Subaru na amfani da kyamarori biyu a saman gilashi, tsarin da ta kira EyeSight. Tesla ta cire rada daga Model 3 da Model Y a 2021, kuma a Fabrairun 2022 NHTSA ta buɗe bincike a kan kusan 416,000 daga cikinsu bayan ƙorafi 354 na birkin ba zata. Waɗannan ba su da yawa a wajenmu, don haka ba zan daɗe a kansu ba. Abin lura ɗaya ne: kyamara ido ce, abin da ya hana ka gani ita ma zai hana ta. Hazon hunturu, rana tana faɗuwa a fuskarka da la'asar sakaliya, ruwan Agusta, duk suna sa ta ɗaga hannu ta ce ba ta aiki. Rada ta fi jure hazo da duhu, sai dai ita ce ke ruɗewa da ƙarfe, kuma laka in ta daskare a kan tambarin gaba takan toshe ta.

Mai riƙe layi shi ne mafi ƙarancin amfani a gare mu, kuma ban ga dalilin ƙara ko sisi saboda shi ba. Ƙungiyar masu motoci ta AAA ta gwada irin waɗannan tsare-tsaren a 2020 a tafiyar kusan kilomita 6,400, ta ga suna samun tangarɗa kusan kowane kilomita 13, kuma kashi 73 cikin ɗari na tangarɗar a kan riƙe layi ne. Wannan fa a titunan Amurka masu zane tsaf. A titin da zanen ya goge, ko aka yi faci a kansa, ko kake kauce wa rami da gangan, motar ko dai ta yi shiru ko ta riƙa ja maka sitiyari zuwa inda kake gudu.

Kurus mai kiyaye tazara kuwa yana da daɗi a doguwar tafiya, ƙafa ta huta. Amma akwai abin da littafin kowace mota ya faɗa ɓaro-ɓaro, kuma mutane ba sa karantawa: ba lallai ne ya ga abin da ke tsaye ba. An tsara radar ta riƙa watsi da yawancin abubuwan da ba sa motsi, in ba haka ba kowane allo da turken gada sai ta taka birki. To babbar motar da ta lalace a tsakiyar hanya da dare, an jera mata ganye a baya maimakon alama, ita ce ainihin abin da zai iya wuce masa. Haka ɗan acaɓa ko mai adaidaita da ya yanko gabanka daga gefe. Sannan ba duka ne ke aiki har mota ta tsaya ba. Na Corolla 2017 yakan sake ka in gudu ya sauko ƙasa da kusan kilomita 40 a awa, ya yi ɗan ƙara ya bar maka birki. Wanda bai san haka ba zai zaci motar za ta tsaya masa a cunkoso.

Duk wannan bai kai abin da ya fi damuna ba, wato tarihin gaban motar. Da yawa daga cikin tokunbon da ke shigowa ta Legas da Kwatano an saye su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari, irin su Copart da IAA, kuma inda mota ta fi bugewa shi ne gaba, daidai mazaunin rada. Mai bugun mota zai miƙe ƙarfe, a sa sabuwar bamba, mai fenti ya gama aikinsa, mota ta fito tana ƙyalli. Rada kuwa a mayar da ita yadda hannu ya ga dama. Alhali saita ta aiki ne na awo: fili mai daidaito, allon saiti a tazarar da kamfani ya ƙayyade, da kwamfutar da ke magana da motar. In ta karkace da digiri ɗaya tak, a nisan mita 100 tana kallon wajen mita 1.7 gefe, kusan rabin faɗin layi. Sai ta riƙa rage gudu saboda motar da ke ɗaya layin, ta bar wadda ke gabanka. Canza gilashin gaba ma haka ne, sai an sake saita kyamara.

Saboda haka ka tsuguna a gaban motar ka duba da idonka. Tambarin Toyota mai rada sumul yake, kamar an rufe shi da gilashi; in ka ga na ƙarfe mai tudu da ramuka a motar da aka ce tana da tsarin, an canza shi da wanda ba nata ba. Ka haska fitilar waya ta cikin ragar gaba: za ka ga ɗan akwati kamar tafin hannu da soket a jikinsa. Ka duba ko maƙalinsa ya lanƙwashe, ko an ɗaure shi da waya, ko ma babu shi ɗungurungum. A Accord 2018 radar tana ƙasa, cikin bamba, inda duwatsu da ruwan kwata ke samunta. Ka dubi hatimin da ke kusurwar gilashin gaba ka kwatanta da na tagogi. Sannan ka kunna mota ba tare da tayar da inji ba: fitilun gargaɗi su kama duka, su mutu bayan an tayar. Fitilar da ba ta kama ba sam, ka tambayi dalili, domin ana toshe su.

Kada a ce maka "batir ne kawai" ka yarda nan take, kada kuma ka ƙaryata nan take. Gaskiya ne batir mai rauni, musamman a Honda, yakan sa fitilu su cika dashbod lokaci guda. Maganin gardamar mai sauƙi ne: a sa lafiyayyen batir, a jona kwamfuta a goge, a hau titi. In sun dawo, ba batir ba ne. Ka ɗauki lambar shasi mai harafi da lamba 17 ka saka a shafin NHTSA, kyauta ne, zai nuna maka janyewar da ba a yi wa motar gyaranta ba. Can gyaran kyauta ne a wurin dila. Motar da ta riga ta iso nan, kai za ka nemi mai yi. Lambar nan kuma in ka bincika ta a intanet, sau da yawa hotunan motar na ranar gwanjo za su fito.

Gwajin tuƙi kada ya tsaya a zagaye layi. Ka hau babban titi, ka kunna kurus a bayan wata mota, ƙafarka a kusa da birki, ka ga ko tana kama ta a hankali ko da fizga. Ka bi ta ƙarƙashin gadar sama da gefen shingen ƙarfe. Ka tabbatar ka iya mayar da shi kurus na gargajiya, mai riƙe gudu kawai ba tare da kula da tazara ba: a Toyota ana danne maɓallin kunnawa na kusan daƙiƙa ɗaya da rabi, a Honda maɓallin tazara ake dannewa. Birkin gaggawa ma ana iya kashe shi, amma a yawancin motocin yana dawowa duk sanda ka sake tayar da inji.

In ni ne zan zaɓa, wanda ke zaune a babban gari, yana da makanike mai kwamfuta da kayan saiti, yana kuma yawan tafiyar Abuja, ya nemi Toyota ko Honda mai rada da kyamara wadda hotunan gwanjo suka nuna gabanta lafiya, ko da an buge ta a baya ko a gefe. Tsakanin biyun, a ƙirar 2017 zuwa 2019, na fi karkata ga Toyota saboda girman binciken da aka buɗe a kan Honda na waɗannan shekarun. Wanda kuma motarsa za ta yi rayuwarta a hanyar ƙauye, ko zai maƙala mata ƙarfen kariya a gaba wanda zai tare radar, Corolla 2014 zuwa 2016 mai kurus na gargajiya ta fi masa kwanciyar hankali. Wadda ba zan taɓa ba ita ce ta tsakiya: sabuwar ƙira, gaban da aka sake ginawa, da dillalin da ya ƙi a jona mata kwamfuta kafin a biya.