Injiniyan da ya gyara mana hon ɗin ƙafafun jirgi a Katsina

Jama'a bari in yaba wa wani bawan Allah, duk da dai ya ɓata mani rai kwana biyu. Ƙaramin jirgi ne nake tuƙawa, Piper Arrow, irin wanda ƙafafunsa ke naɗewa ciki bayan an tashi. Yana da hon da ke ihu idan ka rage totur, mitar matsin iskar da ke shiga inji ta yi ƙasa da kamar inci 14, alhali tayoyi ba su sauko sun kulle ba. Shi ke tunatar da mutum kada ya sauka a kan cikin jirgi ba tayoyi.

To muna tahowa filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'adua na ja totur baya tun kafin in sauke tayoyi, tsit kake ji. Fitilu uku kore masu nuna tayoyi sun kulle sun kama bayan na sauke su, na sauka lafiya, amma gabana bai daina faɗuwa ba.

Injiniyan farko da ya duba ko murfi bai buɗe ba ya ce hon ya ƙone, sai an yi odar sabo daga Amurka. Sai aka haɗa ni da wani dattijon injiniya mai lasin, ya zo da 'yar jakarsa da mitar gwajin wuta. Ya fara da fiyus, lafiya lau, ya ba hon ɗin wuta kai tsaye ya tsala ihu har yaron da ke riƙe masa fitila ya zabura. Ya ce "yaro, hon bai yi laifi ba, wanda ke aiko masa da saƙo ne ya yi barci." Ashe ɗan ƙaramin makunnin da ke jikin totur ne ya goce daga mazauninsa, ga ƙurar hunturun nan tamu ta cika shi. Ya wanke, ya saita, ya ɗora jirgin kan jak, aka naɗe tayoyi aka ja totur, sai ga ihu.

Na ce Baba shi ke nan ko? Ya ce ina, sai an tashi an gwada a sama a ga inci nawa yake kamawa, sannan ya sa hannu a littafin jirgi.

Matsalarsa dai ba ya ɗaga waya, wallahi kira tara na yi masa ranar farko, kuma kuɗin aikinsa ba ragi ko sisi. Amma duk da haka shi zan sake kira, tun da safe dai kafin ya ajiye wayar a mota.