Rolex Daytona ko Heuer Carrera: wanne ne agogon masu tseren mota na ainihi?

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya tambaya: tsakanin Daytona da Carrera, wanne ya fi alaƙa da tseren motoci, kuma mene ne amfanin lambobin da ke kewaye da fuskarsu? To malam, ga yadda abin yake.

Dukansu agogunan hannu ne masu maɓallan auna tsawon lokaci, a 1963 suka fito, kuma inji iri ɗaya suka fara ɗauka, wato Valjoux 72 na Suwizalan, wanda ake yi wa wani (wato a murɗa shi) da hannu, yana bugu 18,000 a awa. Idan mai gyara ya buɗe bayan Daytona mai lamba 6239 da Carrera mai lamba 2447, kusan abu ɗaya zai tarar. A fuska suka rabu. Rolex ya fitar da ma'aunin gudu waje, ya zana shi a kan zoben ƙarfen da ya zagaye gilashi. Jack Heuer, jagoran kamfanin Heuer, kuwa so yake direba ya karanta lokaci da kallo ɗaya mota tana jijjiga, sai ya share fuskar tas, ya mayar da layukan da ke raba daƙiƙa gida biyar kan siririn zoben da ke riƙe gilashin daga ciki. Akwai Carrera masu ma'aunin gudu, amma a kan fuska aka buga shi.

Wajen asali, Heuer ya riga. Tun 1911 yake ƙera agogon da ake kafawa a gaban mota don auna tsawon lokacin tafiya, a 1933 ya fito da irin wannan agogon mai suna Autavia na motoci da jiragen sama. Sunan Carrera daga tseren Carrera Panamericana na Meziko aka ɗauko shi, wanda aka yi daga 1950 zuwa 1954 kafin a dakatar, bayan ya ci rayuka da yawa. Daga 1971 zuwa 1979 Heuer ne ke auna wa Ferrari lokaci. Rolex ta hanyar mutane da filin tsere ya shigo: direban tsere ɗan Birtaniya Malcolm Campbell yana ɗaure da Rolex lokacin da ya zarce mil 300 a awa a filin Bonneville na Amurka a 1935, sannan kamfanin ya ƙulla alaƙa da filin tseren Daytona a Florida. Sunan Daytona ma bai hau fuskar agogon ba sai daga baya. A ganinmu Carrera ya fi zama kayan aikin direba, Daytona ya fi suna da tsada, musamman tun da aka yi gwanjon na ɗan wasan fim Paul Newman a kan sama da dala miliyan 17 a 2017.

Ma'aunin gudun lissafi ne kawai: 3,600 a raba da daƙiƙun da aka ɗauka. Daidai alamar kilomita a gefen titi sai a danna maɓallin sama, a alama ta gaba a sake dannawa, a duba lambar da dogon hannun ya tsaya a kai. Daƙiƙa 30 na nufin kilomita 120 a awa, 36 na nufin 100, 45 kuma 80. Idan kilomitar ta ci fiye da minti ɗaya galibi ma'aunin ya ƙare, domin a yawancin agoguna a 60 ya tsaya. Idan da mil aka auna, amsar mil ce. Matsakaicin gudu yake bayarwa, ba gudun wannan lokacin ba, kuma aikin na gefen direba ne, ba mai riƙe da sitiyari ba.

Inda ake yawan samun matsala: Valjoux 72 yana haɗa dogon hannun awo da inji ta hanyar haƙoran giya da ke shiga juna daga gefe. Shi ya sa hannun kan ɗan yi tsalle in an danna, kuma barinsa yana gudu dare da rana yana cinye haƙoran, yana rage wa injin ƙarfi. Sababbin injuna, 4130 na Rolex da ya fito a 2000 (yana riƙe wani awa 72) da Heuer 02 (awa 80), kuloci suke amfani da shi mai mannewa daga sama, don haka ba tsalle. Kada a matsa maɓallin ƙasa da ƙarfi alhali hannun na tafiya, a fara tsayar da shi, in ba haka ba ƙarfen ciki ya lanƙwashe, hannun ya daina komawa kan 12. Tun 1965 Rolex ya fara sa wa maɓallan Daytona zare kamar noti. Sai an kwance su ake dannawa, kuma wanda ya manta bai ɗaure ba ya buɗe wa ruwa ƙofa. Agogon da ya fara gudu fiye da kima ba zato, galibi maganaɗisun lasifika ne ya kama shi, mai gyara kan cire shi cikin mintoci.

Ga mai shirin saye, jabun Daytona sun fi yawa nesa ba kusa ba. A na gaske dogon hannun tsakiya tsaye yake sai an danna, ƙaramin hannun daƙiƙa ne ke gudu kullum: a wajen ƙarfe 9 a tsofaffi da masu injin kamfanin Zenith na 1988 zuwa 2000, a wajen ƙarfe 6 daga 2000 zuwa yau. In shekarar da mai sayarwa ya faɗa ta saɓa da wurin da wannan hannun yake, a ajiye masa kayansa.