Kafin ka sayi talabijin mai faɗi a Garwa, auna tsayinsa

Kawuna da ke unguwar Rumde Ajiya a Garwa ya shekara da shekaru yana kallon tsohon talabijin mai ƙusumbi, inci 29. Da akwatin ya lalace, 'ya'yansa suka sayo masa sabo siriri, inci 32, suna murna sun ƙara masa girma. Daren farko ya saka tsohon faifan wa'azi, ya yi shiru yana kallo, can ya juyo ya ce mini, "Ɗana, ina ƙarin da suka ce? Malam bai ƙaru ba, sai baƙin fili dama da hagu." Kuma gaskiyarsa ce.

Daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna inci, shi ya sa lambar ke ruɗar mai saye. Tsohon allo 4:3 ne, wato faɗi kashi 4 tsayi kashi 3, na yanzu 16:9, ya fi faɗi amma gajere. Mai inci 32 faɗinsa kusan santimita 71, tsayinsa 40 kacal. Idan ka saka masa hoton 4:3, abin da za ka gani bai wuce na inci 26 ba. To duk wanda gidansa ke cike da tsofaffin faifan Kano da na karatu, ni inci 43 nake ba shi shawara, don tsayinsa ya haura santimita 53.

Masu kallon fina-finan Indiya da na Amurka matsalarsu ta juye. Yawancinsu 2.39:1 ne, siffar da ta samo asali daga tsarin nuna fim mai faɗi a sinima, CinemaScope na 1953, ta fi talabijin faɗi, don haka baƙi ke fitowa sama da ƙasa. A allo mai layi 1080, fim ɗin layi 800 da 'yan kai yake ci. Nan ne araha ke cutarwa: ƙananan talabijin da yawa 1366 da 768 ne, wato ɗigon hoto 1366 a faɗi, layi 768 a tsayi, kana cire baƙin ba ka da layi 600 ma. Tambayi mai shago lambar, ka karanta ta a jikin kwali da idonka, kalmar HD kaɗai ba ta isa ba.

Mai ƙwallo shi ya huta. Wasannin da ke zuwa ta dekodar Canal+ ko StarTimes a 16:9 suke, suna cika allo daidai, sai dai a shiga saitin dekodar a tabbatar ba a bar ta a 4:3 ba.

4K kuwa, wato 3840 da 2160, sai mai intanet mai ƙarfi da allo daga inci 50 zuwa sama. Faifan VCD 352 da 288 ne, DVD 720 da 576. Babban allo ba ya ƙara musu komai, aibinsu yake tonawa. Majigi yana da daɗi a tsakar gida da dare, amma da rana hasken Garwa cinye hoton yake yi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maɓallin cika allo. Na shiga gidaje da yawa na tarar an miƙe hoton 4:3, fuskoki sun baje kamar an danne su, ƙwallo ta koma ƙwai, saboda an ƙara faɗi da kashi ɗaya cikin uku. Wasu kuma su jawo hoton kusa, rubu'insa ya tafi, har da kan mutum da rubutun fassara na ƙasa. Baƙin nan ba lalacewa ba ce, alama ce kana ganin hoton cikakke.

Ranar saye, tafi da filashi mai abubuwa uku: tsohon bidiyo, fim mai faɗi, da wanda aka ɗauka da waya a tsaye. A kunna maka su a shago, ka karɓi rimot ka duba ko akwai zaɓin barin hoto yadda yake. Wanda ba shi da wannan zaɓi, ajiye shi ka nemi wani.