Matuƙin jirgin yaƙi, soyayya da lahira: wane faifai za ka saya?

Tsofaffin finafinai biyu ne mutane ke yawan rikita su, domin kowanne yana da matuƙin jirgin yaƙi da ajali ya riska a sama, da kuma macen da zuciyarsa ta ƙi saki. Idan kuɗin faifai ɗaya gare ka, ni dai shawarata ka ɗauki na Ingila, wato A Matter of Life and Death na 1946, wanda Michael Powell da Emeric Pressburger suka shirya.

Ka kalli yadda ya buɗe. Ranar 2 ga Mayu 1945, jirgin Lancaster yana ci da wuta, abokin aiki a mace a gefe, lemar sauka ta yage. David Niven, wanda ya fito a matsayin matuƙin, yana hira ta rediyo da wata Ba'amurkiya mai suna June, wadda bai taɓa gani ba, sannan ya yi tsalle haka nan. Wanda aka aiko ya tafi da ransa ya ɓata shi cikin hazon Ingila, sai kawai ya farka a bakin teku. Daga nan aka shiga shari'a a lahira: zai zauna ko zai tafi? Shaidar da aka kai kotun ɗigon hawaye ne a kan fure. Duniya an ɗauke ta da launi, can sama kuwa baƙi da fari, aikin mai ɗaukar hoto Jack Cardiff. Saboda wannan launin ne kwafi mara kyau ke kashe fim ɗin. Kar ka yarda da wanda aka matse ya dishe. Nemi Blu-ray da aka gyara. Kamfanin Criterion ya fitar da nasa a 2018, amma na Amurka an kulle shi a shiyyar A, mu a Afirka muna shiyyar B, kuma faifan wata shiyya ba ya aiki a na'urar wata, don haka duba na'urarka kafin ka biya. A Amurka an san shi da suna Stairway to Heaven, kada ka saye shi sau biyu.

Na biyun shi ne A Guy Named Joe na kamfanin MGM, 1943, Victor Fleming ya ba da umarni. A nan matuƙin, wanda Spencer Tracy ya fito a matsayinsa, ya mutu da gaske, aka dawo da shi yana raka wani matashin matuƙi, Van Johnson, ba tare da ana ganinsa ba. Ina matsalar? Yaron ya kamu da son budurwar mamacin, Irene Dunne. Kishin mamaci ke nan, kuma Tracy ya iya shi. Baƙi da fari ne, kusan awa biyu, an yi shi ana tsakiyar yaƙi, don haka akwai ƙamshin farfaganda. Mai son ganin jiragen B-25 da P-38 zai more. DVD ya ishe shi.

Steven Spielberg ya sake wannan labarin a 1989 da suna Always, amma ya mayar da su masu kashe gobarar daji. Babu yaƙi a ciki, sai dai fitowar Audrey Hepburn ta ƙarshe a fim.

Ga mai kallo da iyali: dukansu sun zana lahira yadda Turawa suka ƙago ta, da ofis da magatakarda. Na Ingilan ya bar ƙofa, domin likita ya ce raunin ƙwaƙwalwa ne ke sa matuƙin gane-gane, har aka yi masa tiyata.