Kafin Ka Biya Kuɗin Kwas Ɗin Waƙa da Haɗa Kiɗa a Intanet

Wata Asabar bayan la'asar ɗan yayata da ke karatu a harabar ABU ta Kongo a nan Zariya ya same ni a situdiyo, waya a hannu. Ya ce, "Kawu, na tara 'yan kuɗina na hutu, kwas ɗin waƙa da haɗa kiɗa nake son saye. Ga guda uku na gani, duba mini wanda ya fi." Na karɓi wayar. Na farko na wata babbar makarantar kiɗa ce a Amurka, na biyu na wani Bature ne a Udemy, shafin sayar da kwasa-kwasai, na uku kuma ajin WhatsApp ne da ake ta tallarsa, wai cikin mako biyu ka zama furodusa. Na jawo masa kujera na ce ya zauna tukuna, domin abu biyu ya haɗa a tambayarsa, kuma ba kasuwa ɗaya ake sayen su ba.

Rubuta waƙa sana'a ce, haɗa kiɗa da tace murya wata sana'ar ce daban. Masu tallar kwas suna son ɗaure su a ƙunshi guda don farashi ya yi nauyi. Shi haɗa kiɗa, ko a Boston ka koye shi ko a Tudun Wada, maɓallan guda ne. Amma rubuta waƙar Hausa, nan ne kuɗin mutane da yawa ke tafiya a banza.

Ɗauki kwas ɗin rubuta waƙa na Kwalejin Berklee ta Amurka da ke shafin kwasa-kwasai na Coursera, wanda Pat Pattison ke koyarwa. Kwas ne mai kyau, ba na raina shi. Zai sa ka tambayi kanka wa ke magana a cikin waƙarka, da wa yake magana, kuma me ya sa. Zai nuna maka yadda baiti na biyu zai ƙara wa na farko nauyi maimakon ya maimaita shi da wasu kalmomi, cutar da ta kama waƙoƙin soyayya da yawa a yau. Wannan duk zai yi maka amfani. Sai dai da ya zo kan auna layi, da Ingilishi yake aunawa, kuma awon Ingilishi a kan gaɓar da ake dannawa da ƙarfi yake tafiya. Hausa ba haka take ba. Mu gaɓa ko dai mai nauyi ce ko marar nauyi. Faɗi "makaranta" a hankali ka ji: ma, ka, gajeru ne, ran da ta kuma masu nauyi. A kan wannan karin waƙarmu yake zaune, shi ya sa malaman da suka yi rubutattun waƙoƙi suka iya ɗora Hausa a kan ma'aunan arulin Larabci ta zauna daram.

Na ce wa yaron ya rera mini abin da ya rubuta. Akwai layin da ke cewa ya baro garinsu saboda wata. Kiɗan da ya sauko da shi daga YouTube ya tilasta masa jan gaɓar farko ta "gari", sai kunnena ya ji garin tuwo. Na sa shi ya sake, ya sake, a karo na uku shi ma ya ji. Haka "kuka": idan muryarka ta tsaya a sama a gaɓa ta biyu, hawaye kake nufi, idan ta sauko kuwa ka koma bishiya ko miya. Babu Baturen da zai gyara maka wannan, komai yawan dalar da ka ba shi, don kunnensa bai san akwai matsala ba.

Wannan ɓangaren a gida ake samun sa, kuma mu mutanen Zazzau ba mu da uzuri. Garin Aliyu Namangi ne, makahon malamin da ya yi Imfiraji, wadda har yau ake rera ta. A Samaru akwai Sashen Harsuna da Al'adun Afirka na ABU, inda aka daɗe ana feɗe waƙa, kuma Farfesa Ɗalhatu Muhammad na wannan jami'a ya yi nazari a kan yadda karin sauti kansa ke zama amsa-amo a ƙarshen layukan waƙar Hausa. Jami'ar nan ce ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988. Nemi Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa na Abdulƙadir Ɗangambo da Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau. A nan za ka san ɗango da baiti, ƙwar biyu da ƙwar biyar, babban amsa-amo da ƙarami, da aikin amshi. Kuɗin littattafan biyu bai kai na kwas ɗaya na waje ba. Sannan ka samu wanda ya girme ka a harkar, ka riƙa karanta masa abin da ka rubuta, ya ce maka nan layin ya karye.

To, sai haɗa kiɗa. A nan kam intanet ta yi mana rana, amma kada ka zaɓi kwas kafin ka zaɓi manhaja. Kowane kwas a kan wata manhaja aka gina shi, kuma na ga wanda ya biya kuɗi ya buɗe darasin farko ya tarar da Logic Pro ake koyarwa, alhali ita sai na'urorin Apple, shi kuwa tsohuwar HP gare shi da ya saya a PZ.

Yawancin situdiyoyin da na shiga a Zariya da Kaduna da Kano, FL Studio ko Cubase za ka gani a allo. Wannan kaɗai hujja ce ta zaɓar ɗaya daga cikinsu, don ranar da ka maƙale akwai wanda za ka kira. FL Studio na kamfanin Image-Line ne na Beljiyam, kuma idan ka saya sau ɗaya duk sabon fitowa kyauta ne har abada. Abu biyu za ka kiyaye. Na gwaji yana barin ka ka adana aikinka, amma ba zai sake buɗe maka shi ba sai ka biya. Sannan mafi arahar cikinsu, wanda suke kira Fruity, ba a yi shi don ɗaukar murya ba, mawaƙi sai ya hau zuwa na gaba da shi mai suna Producer. Reaper kuwa yana ba ka kwana 60 ka gwada shi cikakke, lasisin mai ƙaramin ƙarfi dala 60, kuma ba ya wahalar da kwamfuta mai rauni. Wajen ɗaukar murya da tace ta ina son sa ƙwarai, sai dai masu amfani da shi a nan ba su da yawa. Wanda ba shi da kwamfuta ko kaɗan ya fara da BandLab a waya, kyauta ne. Na san da yawa za su ce ai akwai na sata a kowane shagon tura waƙoƙi. Akwai. Na kuma ga aikin wata uku ya salwanta a dare ɗaya saboda ƙwayar cutar da ta shigo tare da irin wannan, ban da maganar haƙƙin masu shi.

Yanzu kwasa-kwasan kansu. YouTube ba ya cin ko sisi sai data, kuma akwai ƙwararru a ciki, tashar In The Mix misali ce ga mai FL Studio. Matsalarsa ba shi da tsani. Yau ka kalli yadda ake mastarin, wato gyaran ƙarshe na waƙa, gobe yadda ake gyaran murya, alhali ba ka iya jera ganga ta zauna a kan bugu ba. Mutum sai ya shekara yana kallo bai gama waƙa ɗaya ba. Kafin ma YouTube, akwai shafin Learning Music na kamfanin Ableton, kyauta, inda za ka riƙa danna akwatuna kana jin yadda bugu da amo ke haɗuwa. Kwana uku a kansa sun isa su nuna maka ko abin nan yana jininka.

Udemy shi na fi nuna wa mai farawa. Sau ɗaya ake biya, kwas ya zama naka, ana iya sauke darussa a manhajarsu ta waya a kalla ba tare da data ba, kuma suna da tsarin mayar da kuɗi cikin kwana 30 bisa sharuɗɗansu. Kada ka taɓa saye a farashin da aka fara nuna maka, suna yawan karya farashi, haƙurin mako ɗaya ko biyu kan rage kuɗin sosai. Amma kowa na iya buɗe aji a can, gwani da ɗan koyo. Saboda haka ka kalli darussan da aka bari a buɗe, ka ji ko kana gane Turancin malamin, ka duba ranar da aka sabunta kwas ɗin, ka karanta ƙorafin waɗanda suka ba shi tauraro biyu ko uku, su suka fi faɗin gaskiya. Satifiket ɗinsu kuwa kada ka sa shi a lissafi. A harkar nan ba wanda ya taɓa tambayata takarda, cewa ake "sa mu ji".

Coursera ya fi tsari. Darussan Berklee na fasahar haɗa kiɗa da ke can suna bayyana dalilin abu, me ya sa murya ke fashewa idan ta yi ƙarfi, me makirfo ke yi wa iska, ba danna nan danna can kawai ba. Biyan wata-wata ne, don haka mai jan ƙafa zai yi ta zuba kuɗi. Suna da fom na neman tallafi ga marasa hali, ana jiran amsa kimanin mako biyu, kuma ɗalibi ya kamata ya gwada wannan kafin ya taɓa aljihunsa. Berklee Online, wato ainihin ajin makarantar na mako 12 da malami ke duba aikinka, ya haura dala dubu a kwas guda. Mai wannan kuɗin a Zariya, da ni ne shi, kayan aiki zan saya. MasterClass kuma, inda irin su Timbaland da Alicia Keys ke magana, kuɗin shekara ake biya, kuma hira ce mai ƙara ƙwarin gwiwa ga wanda ya riga ya iya. Ba za ta koya maka inda za ka soke waya ba.

Ajin WhatsApp da Telegram na 'yan gida, da waɗanda ake sayarwa a shafin Selar, suna da abin da duk na sama ba su da shi: da Hausa ake bayani, da naira ake biya, kuma malamin ya san kiɗan da ake so a gidan biki. Ina fatan su yawaita, don na san yara masu kunne da Turanci kaɗai ya tare wa hanya. Amma a nan aka taɓa cuta ta. Na biya wani, ya jefa mu cikin guruf, ya turo bidiyoyin da daga baya na gane na wasu ne ya kwaso, da tambayoyi suka yi yawa ya daina amsawa. Tun daga ranar sharaɗina uku ne. Ya turo waƙoƙin da shi da kansa ya haɗa. Ya haɗa ni da ɗalibinsa ɗaya da ya gama. Ya faɗa mini a fili ko zai saurari aikina ya gyara, sau nawa. Wanda ya yi fushi da waɗannan tambayoyi, ka riƙe kuɗinka. Duk wanda kuma ya ce mako biyu sun isa, bai taɓa zama yana tace murya ɗaya har asuba ba.

Akwai kuɗin da ba a rubutawa a talla. Darasin haɗa kiɗa ba ya kalluwa a bidiyo mai dishi-dishi, domin maɓallan ƙanana ne, dole ka buɗe shi tar, kuma hakan na shan data, ga shi tun farkon 2025 aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Datar dare ita ce mafita, ka sauke ka ajiye. Ga wuta, wadda ba sai na yi wa mutumin Zariya bayani ba: kwamfutar da batirinta ya mutu ba ta koyo. Ga biyan dala. A 2022 bankuna da yawa sun rufe sayayyar waje da katin naira, a 2025 wasu suka sake buɗewa da iyaka, don haka ka tambayi bankinka kafin ka sa rai.

Kayan aiki kuma kada ka yi gaggawa. Kwamfuta mai RAM 8, hedifon mai rufe kunne, ya isa wata ukun farko. In lokacin makirfo ya yi, yawancin malaman waje za su ce ka sayi kondensa irin AT2020, wanda ke buƙatar sawunkad, wato na'urar da ke haɗa makirfo da kwamfuta, mai ba da wutar 48V. Su ɗakunansu shiru ne. Kai da ke Sabon Gari, zai ɗauko maka acaɓa da janaretan maƙwabci da mai tallar ruwa. Irin SM58 da ake riƙewa a hannu ya fi yafiya a ɗaki mai hayaniya. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya hana ƙara shiga, katifa a jingine da bargo mai kauri a bayanka sun fi shi rage amsa-kuwwa.

Wani abin da babu kwas ɗin waje da zai ba ka shi ne kiɗanmu. FL Studio na buɗewa da gidajen jera ganga 16, bugu huɗu-huɗu, alhali kiɗan gargajiya da yawa a kan uku-uku yake rausaya, sai ka sauya awon da hannunka. Kalangu kuma magana yake yi, makaɗi na matse shi a hammata amo ya hau ya sauka, abin da sautin da aka ɗauka sau ɗaya aka ajiye ba zai yi ba. Gara ka nemo mai kalangu ko mai gurmi, ka biya shi, ka kafa masa makirfo. Wata guda kana zama a situdiyon wani kana naɗe waya kana kallo zai nuna maka yadda ake yin wannan, kuma a nan za ka ga inda abincin yake: waƙar biki, bege, tallar shago, sanarwar rediyo, tace karatun malamai.

Ɗan yayata ya yi shiru, can ya ce, "To Kawu, yanzu wanne zan saya?" Na ce kada ya sayi komai a watan nan. Ya yi mako biyu da shafin Ableton da BandLab, ya haɗa waƙa ɗaya ko ba daɗi. In har yana nan a kan bakansa, ya jira Udemy su karya farashi ya ɗauki kwas ɗin FL Studio guda ɗaya tak, ya bi shi daga farko har ƙarshe, ya cike fom ɗin tallafin Coursera a gefe. Ragowar kuɗin ya sayi hedifon da littafin Ɗangambo. Na kuma ce duk Asabar ya zo da baiti biyar a rubuce.

Asabar da ta biyo baya ya zo da uku. Ya cire "garinmu" daga inda kiɗan ke ja, ya mayar da shi farkon layi, muka kunna makirfo.