Varanasi ko Haridwar: wanne ya dace da matafiyi mai jaka a baya?

Duka garuruwan biyu suna bakin kogin Ganga a ƙasar Indiya, kuma mabiya addinin Hindu na girmama su matuƙa, amma ba su yi kama ba.

Haridwar, a jihar Uttarakhand, ta fi kusa da Delhi. A nan kogin yake saukowa daga duwatsun Himalaya, ruwan da sanyi da ƙarfi har masu wanka a Har ki Pauri, shahararren wurin wankan ibada na garin, sai sun riƙe sarƙa. Ba a sayar da nama a tsakiyar garin, mai son tsire sai ya yi haƙuri.

Varanasi, a Uttar Pradesh, ta fi nauyi a zuciya. Lungunanta matsattsu ne, ga shanu, ga babura, ga wurare sama da 80 masu matakalan gangarawa ruwa. A Manikarnika, ɗaya daga cikin waɗannan wuraren, ana ƙona gawa dare da rana. Kada ka ɗauki hoto a wurin, mutane ne cikin makoki. Da asuba ka shiga kwalekwale, da magariba ka kalli bikin fitilu na ibadar Hindu a Dashashwamedh, wani wurin matakalan a bakin kogin. Yawancin masaƙan alharinin garin Musulmi ne, don haka masallaci da abincin halal ba sa wuyar samu.

Ni dai Varanasi zan zaɓa, ko da ruwanta ya fi ƙazanta. Wanda cunkoso ke takura wa ya nufi Haridwar.