Gargaɗi kan kamfanonin "kawo mutum a biya ka" a Abuja

Gayyatar takan zo ne ta WhatsApp, wani lokaci ma da sunan ganawar ɗaukar aiki, sai matashi ya taso daga Kubwa ko Nyanya ko Gwagwalada riƙe da takardunsa, ya tarar da kansa a ɗakin taron wani otal a Wuse ko Garki, ana tafi, ana nuna hotunan motoci da na yawon buɗe ido a Dubai. Kafin a tashi za a ce ya biya kuɗin rajista, ya sayi ƙunshin kaya, galibi shayin rage ƙiba ko maganin ƙarin kuzari, sannan ya kawo mutum biyu ko uku su shiga a ƙarƙashinsa. Masu harkar suna kiranta netwok, kuma waɗanda suka fi faɗawa ciki su ne masu yi wa ƙasa hidima, da matan aure masu neman sana'ar cikin gida, da ma'aikatan da albashinsu ba ya kai su ƙarshen wata.

Ba kowane kamfani mai irin wannan tsari ne na damfara ba, amma akwai tambaya guda da ke rarrabe su: daga ina kuɗin da ake raba wa mambobi yake fitowa? Idan daga cinikin kaya ne ga mutanen waje, waɗanda ke saye don suna buƙata, to akwai kasuwanci a ciki. Idan kuwa daga rajistar sababbin shiga ne, da kayan da ake tilasta wa mambobi su saya kowane wata don kada matsayinsu ya faɗi, to kayan lulluɓi ne kawai, kuɗin na ƙasa ne ake miƙa wa na sama. A kan irin wannan batu ne hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta sa kamfanin Herbalife ya biya dala miliyan 200 a 2016, ya kuma sauya tsarinsa yadda ladan mamba zai dogara da cinikin gaske.

Lissafin kansa ya isa hujja. Idan kowane mutum zai kawo biyar, mataki na 12 kaɗai yana buƙatar mutum sama da miliyan 244, wato kwatankwacin al'ummar Nijeriya baki ɗaya, har da jarirai. Tun kafin a je can mutane sun ƙare, kuma mafi yawan mambobi a kullum suna matakan ƙasa ne, inda babu sauran wanda za su kawo. Shi ya sa ake iske ɗakunan mata cike da kwalayen kayan da ba su sayu ba, domin farashinsu ya ninka na makamantansu a kasuwar Wuse.

Za su nuna maka takardar hukumar rajistar kamfanoni ta CAC cikin firam. Wannan takarda shaida ce cewa an yi rajistar sunan kamfani, ba ta tabbatar da cewa tsarin biyansa halastacce ne ba. Haka ma lambar NAFDAC ba ta nufin shayi yana warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa a lokaci ɗaya, kuma abin takaici ne a ga mara lafiya ya ajiye maganin asibiti saboda irin wannan romon baka. Idan kuwa aka yi alkawarin riba tsayayya a kan kuɗin da ka zuba, maganar ta koma zuba jari, wanda sai da rajistar SEC, hukumar kula da harkokin zuba jari. Mun ga yadda MMM, mai alkawarin irin wannan riba, ta rufe asusun mutane a Disambar 2016, mun ga rushewar makamanciyarta CBEX a Afrilun 2025, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri da tara mai nauyi ga masu shirya tsarin biyan tsofaffi da kuɗin sababbi.

Abin da ya fi damuna shi ne zumunci. Wanda zai jawo ka yawanci ɗan'uwa ne ko aminiya, shi ma an yaudare shi, yana neman fanshe kuɗinsa ta kanka, kai ma za a ce ka fara da danginka da abokan adashinka.

Saboda haka kada ka yi cinikin biri a sama. Ka nemi a ba ka a rubuce abin da matsakaicin mamba ke samu bayan an cire kuɗin kaya da na mota da na tarurruka, ka tambaya ko kamfanin yana karɓar kayan da ba su sayu ba ya mayar da kuɗi, kuma ko za ka iya samun lada ba tare da ka kawo kowa ba. Duk wanda ya ce sai yau ko damar ta wuce, ko ya ba ka shawarar cin bashi ko sayar da waya, ka tashi ka bar wurin. Wanda kuɗinsa ya riga ya shiga, ya adana rasit da shaidar tura kuɗi da saƙonnin da aka yi musaya, ya daina jawo kowa, ya kai ƙorafi ga EFCC ko SEC ko hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta FCCPC, dukkansu suna da hedikwata a nan Abuja.